Wa Ke Gadin Kwanon Abincinmu? Shekaru Ashirin Tsakanin Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin kamfani ne a Bompai. Abin da na fi tunawa a ƙuruciyata shi ne jiniyar tashi daga aiki da yamma, da rundunar kekunan da ke kwararowa daga titin Mai Malari zuwa cikin gari, kowa da ɗan cefanensa ɗaure a kariya. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, sai kekunan nan suka soma raguwa. Wata rana shi ma ya dawo gida da hantsi da takarda a aljihu, bai sake komawa ba. Na tashi da amannar cewa gwamnati ce ta kashe masana'antun Kano, kuma duk ma'aikacin hukumar da ka gani ya doshi ƙofar kamfani da fayil a hammata, ya zo ne ya ƙarasa abin da ya saura.

Da wannan ra'ayi na shiga jami'a na karanta tsimi da tanadi, da shi kuma na zaɓi abin da zan bincika a digiri na biyu da na uku, wato nawa bin dokokin hukumomi ke cin masu sarrafa abinci a rukunan masana'antu uku na Kano. Niyyata, in faɗi gaskiya, in tara hujjojin da zan ɗaure hukumomin nan da jijiyoyin jikinsu. Yau kusan shekara ashirin ke nan ina wannan fage, ina koyarwa ina kuma zirga-zirga tsakanin gidajen man gyaɗa da na burodi da na ruwan leda. Na ga ya dace in bayyana wa masu karatu inda na sauya ra'ayi, da inda har gobe nake nan a kan bakana.

Lokacin da na fara, sunan NAFDAC ne a bakin kowa. An kafa hukumar da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, shekara uku bayan da yara 109 suka rasu a Ibadan da Jos sanadin wani gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa. Amma sai da marigayiya Dora Akunyili ta karɓi ragamarta daga 2001 zuwa 2008 sannan talaka ya san da zamanta. A zamaninta aka shiga ƙafar wando ɗaya da masu zuba sinadarin buromet a burodi domin ya kumbura, a zamaninta kuma mai sayen ruwan leda ya koyi juya leda ya nemi lamba. Ni kuwa a wancan lokaci lissafin da nake yi daban ne: kuɗin rajista, kuɗin gwaji, kuɗin sabunta takarda, da kwanakin da ake ɓatawa ana jiran sa hannu.

Wanda ya fara warware mini tufka wani dattijo ne mai ƙaramar matatar man gyaɗa a Sharaɗa. Na je masa da takardar tambayoyi mai shafi bakwai. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, tun ɗazu kana tambayata nawa zuwan hukuma ke cina. Ba ka tambaye ni nawa rashin zuwanta ke cina ba." Na ce, "Alhaji, kamar yaya?" Sai ya ja ni sito ya nuna mini jarkokinsa, kowace da lamba da kwanan wata. Ya ce a kasuwar da yake kai wannan mai, akwai wanda ke surka mai mai araha da wani abin da Allah kaɗai Ya san asalinsa, ya ɗura a duro ɗin da aka taɓa zuba sinadarin fenti ko na jima, ya auna wa mata a kwalba da rangwame. Launi ɗaya, ƙamshi kusan ɗaya. Matar da ta zo da kuɗin miya a hannu ba ta da hanyar bambancewa, don haka mai arahar za ta saya, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ya ce, "Ni saura biyu gare ni, ko in yi yadda suke yi, ko in rufe."

A daren nan na koma na sake karanta wata maƙala da na taɓa haddacewa domin jarrabawa ba tare da na fahimce ta ba. George Akerlof, Ba'amurken da ya sami lambar Nobel a 2001, ya rubuta ta a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci. Taƙaitaccen bayaninta shi ne: idan mai sayarwa ya san ingancin kayansa, mai saye kuwa bai sani ba, to mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin kaya mai kyau ba, tun da ba shi da tabbas. Mai kaya mai kyau sai ya ga ba riba ya janye, kasuwa ta zama ta masu algus zalla. Akerlof bai taɓa taka Sharaɗa ba, amma abin da dattijon nan ya gaya mini ke nan. A irin wannan kasuwa, mai gaskiya shi ya fi kowa buƙatar mai sa ido, domin ba shi da wata hanyar da zai shaida wa mai saye cewa shi mai gaskiya ne.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Kowane ɗalibin zaure ya san labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tulin hatsi a kasuwa ya tarar da na ƙasan a jiƙe, ya kuma yi tir da algus. A kan wannan aka gina aikin muhutasibi, mai duba mudu da sikeli da ingancin kaya, wanda malaman jihadin Sakkwato suka yi bayaninsa a littattafansu na sha'anin mulki. Iyayenmu kuma sun ga zamanin duba-gari, waɗanda jin ƙarar takalminsu a zaure kan sa matan gida su ruga su wanke randa. Abin da ya sauya a yau shi ne irin algus ɗin. Jiƙaƙƙen hatsi hannu na iya gano shi. Abin da ke cikin abincinmu na yanzu, ba ido ba hanci ba harshe, sai ɗakin gwaji.

Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa sifofin abinci hawa uku ne. Akwai wanda kake gani kafin ka biya, kamar ruɓaɓɓen tumatir. Akwai wanda sai ka ci za ka sani, kamar madarar da ta yi tsami, kuma nan kasuwa na iya hukunci da kanta, don ba za ka koma wurin mai ita ba. Na uku shi ne wanda ko ka ci shekara goma ba za ka sani ba, kuma shi ne abin tsoro. Babban misalinsa gubar afulatokzin, wadda funfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba ko aka ajiye su wuri mai danshi. Duniya ta farga da ita ne a 1960, sa'ad da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta, kuma tafasawa ko suya ba su kashe ta.

Mu Kanawa muna son labarin dalar gyaɗa, muna kuma jimamin yadda farin shekarun 1973 da 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe ta. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne inda baƙar gyaɗa ke zuwa a yau. Mai fitar da kaya waje yana zaunar da mata su tsince masa, a ware mai kyau a loda. Wadda aka tsince aka fitar, ƙanƙanana da masu funfuna, ba a zubar da ita. Ana sayar da ita da araha, ta koma ƙuli-ƙuli da man kwalba da yajin tsire da abincin kaji. Ma'ana, tsananin dokar Turawa na iya ƙara yawan gubar da ke cikin kwanon talakan Kano, muddin mu ba mu da tamu dokar da ke aiki a cikin gida. Na daɗe ban ga wannan ba, alhali a gabana ake yi.

Akwai wani bincike da na sha kafa hujja da shi a aji shekarun baya. A 2001 wasu masana uku a Bankin Duniya, Otsuki da Wilson da Sewadeh, suka ƙiyasta cewa sabuwar ƙa'idar Tarayyar Turai a kan afulatokzin za ta jawo wa ƙasashen Afirka asarar cinikin dala miliyan 670, alhali rayukan da za ta ceta a Turai ba su kai biyu ba cikin kowane mutum biliyan ɗaya a shekara. Nakan karanta wannan in buga tebur in ce, kun ga zaluncin doka. Daga baya wasu masana suka nuna asarar ba ta kai haka ba, amma ba wannan ne ya sauya ni ba. Abin da ya sauya ni shi ne wata ɗaliba da ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu da muke cin ta kullum, mutum nawa ne cikin biliyan?" Ban da amsa. Lissafin rayukan Turawa aka yi, na yi shekaru ina nanata shi, ban taɓa tunanin yin namu ba.

Wake ma haka. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda maganin ƙwari na dikulobos, wanda muka fi sani da fiya-fiya, da aka riƙa samu a cikinsa. Ƙa'idarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami wanda ya kai 4.6. Aka yi ta taruka a Abuja ana kukan asarar kuɗin shiga da zubewar mutuncin ƙasa. Ban ji an yi taro ko ɗaya a kan cewa buhunan da ba su je Turai ba, su ne alalar da ƙosan da 'ya'yanmu suka ci kafin su tafi makaranta. Ɗan kasuwar da ke zuba maganin ba mugu ba ne a karan kansa. Ya zuba jarinsa a wake, ƙwaro na iya cinye shi cikin 'yan watanni, fiya-fiya kuma ya fi buhu mai hana iska araha. In ba a sauya masa wannan lissafi ba, wa'azi kaɗai ba zai raba shi da kwalbar ba.

To, kada mai karatu ya ɗauka na zama kakakin hukumomi. Rabin abin da na tafi nema tun farko na same shi, kuma yana nan daram. Mai kamfanin abinci a Kano yana amsa sallamar NAFDAC, da SON mai kula da ingancin kaya, da NESREA mai kula da muhalli wadda aka kafa a 2007, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da takwararta ta jiha, da ma'aikatun lafiya da muhalli da ciniki, da jami'an tsafta na ƙaramar hukuma, ban da masu haraji. Kowa da fom ɗinsa da rasiɗinsa da ranar zuwansa, kuma sau da yawa abu ɗaya suke dubawa. Na taɓa zama a ofishin wani manaja a Chalawa aka yi sallama sau uku kafin azahar. Baƙo na ƙarshe, daga wata hukuma da ba zan ambata ba, bai ko shiga inda ake aikin ba. Ya sha lemo, aka raka shi mota da na goro, ya sa hannu cewa komai lafiya.

George Stigler, wani masanin Amurka, ya yi gargaɗi tun 1971 cewa hukumar da aka kafa domin ta sa ido a kan 'yan kasuwa takan ƙare a aljihun manyansu. A wurinmu abin yana zuwa ta wata fuska mai sauƙin ganewa. Kuɗin bin doka kusan ɗaya ne ko kana yin katan ɗari ko katan dubu ɗari. Babban kamfani yana da ma'aikacin da ba ya aikin komai sai bin takardu, kuɗin kuma ya narke cikin yawan kayansa. Matar da ke yin yogot ko kunun aya a Ɗorayi da firiza biyu, wannan kuɗi na iya zama jarinta gaba ɗaya. Sai ta zaɓi ta ɓuya, ta yi aikinta a bayan gida, ba lamba ba adireshi. Doka mai tsada ta kore ta daga inda za a iya ganinta a gyara mata, zuwa inda ba mai ganinta. NAFDAC ta yi wa ƙananan masu sana'a rangwamen rajista a 2020, kuma abin a yaba ne, sai dai kuɗin rajista ɗaya ne kawai daga cikin shingayen.

Nauyin doka a Kano, a taƙaice, yana sauka ne a kan wanda ke da ƙofa da allo, domin shi ne mai sauƙin samu. Mafi yawan abin da muke ci kuwa bai taɓa ratsa ƙofar kamfani ba: daga gona zuwa Dawanau, daga Dawanau zuwa injin niƙa na unguwa, daga nan zuwa tukunya. Muna tsaye da fitila a inda akwai haske. Ga kuma matsin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar masu rukunin A ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni. Wuta a harkar abinci ita ce sanyin da ke hana madara lalacewa, ita ce zafin da ke kashe ƙwayar cuta. Duk sa'ad da ta yi tsada, akwai wanda zai kashe firiza da dare ya yi fatan alheri. Hauhawar farashin abinci kuwa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma mai yunwa ba ya duba kwanan watan lalacewa.

Duk da haka akwai wurin da doka ta yi aiki a ƙasar nan, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba. A 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri. Waɗanda suka girme ni sun san yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu yankuna a da, matasan yanzu kuwa da yawansu ba su taɓa ganinsa ba. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, domin yaƙi da dundumi da raunin garkuwar jikin yara. Dalilin da ya sa na gishiri ya yi nasara darasi ne ga mai tsara manufa: kamfanoni ƙalilan ne ke tace shi, gwajin mai sauƙi ne, kuɗin da ya ƙaru a kan mudu bai taka kara ya karya ba. Inda kaya ke bi ta ƙofa ƙunci, mai gadi ɗaya ya isa. Man da ake aunawa a kwalba kuwa ƙofofinsa ba su ƙirguwa, shi ya sa har yau nan ne bitamin ɗin ya fi ɓacewa.

Sai watan Maris na 2021. Mutane a unguwanni daban-daban na Kano suka riƙa zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya bayyana cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 kuma an kwantar da su, wasu da matsalar ƙoda. Aka gano abin yana da nasaba da ɗan tsami da garin lemon da ake haɗa abin sha da su, NAFDAC kuma ta sanar cewa gwajinta ya gano wani sinadarin masana'antu mai guba, haidoroksilamin, cikin abin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Cikin waɗanda aka kwantar har da ɗiyar wani maƙwabcina, yarinya 'yar firamare. Na je dubiya na tarar da mahaifinta zaune a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago ya ce, "Dakta, ku da kuka yi karatun abin nan, wa za mu kama?"

Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar, amma tambayar ba ta bar ni ba. Mai haɗa lemon a unguwa ta saya ne wurin mai shago, mai shago ya saya a ƙulle a leda wurin wani a kasuwa, shi ma daga buhun da aka riga aka farke. Farin gari ne mai kama da farin gari. A kowane mataki an yi ciniki da amana, ba wanda ya riƙe takarda, ba wanda zai iya nuna na bayansa da tabbaci. Buhun sinadari ya shigo ƙasa domin masana'anta, ya bi wata hanya ya faɗo kasuwar abinci, kuma tsakanin tashar jirgin ruwa da kofin yarinyar nan ba inda aka rubuta sunan wanda ya karɓa. Kama da ƙone kayan da suka biyo baya sun zama dole, amma ihu ne bayan hari. Rajistar masu sayar da sinadarai, wadda za ta nuna wa aka sayar wa da kowane buhu, da ta fi kwanan mutum 400 a asibiti araha nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma 137,000 daga cikinsu a Afirka suke. Bankin Duniya ya ce ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi na asarar kimanin dala biliyan 110 a shekara ta hanyar jinya da aikin da ba a yi ba. Ina kawo waɗannan alƙaluma ne domin gwamnonin da ke ganin ɗakin gwaji almubazzaranci ne. Ana biyan kuɗin ko an so ko an ƙi, sai dai talaka ne ke biya a kantin magani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya na bar shi ƙarshe, domin shi ne wanda ba hukumar da ta ɗauke shi a matsayin nata. Rukunan nan uku ba abinci kaɗai suke sarrafawa ba. Akwai majemu da masaƙu da kamfanonin roba da na sinadarai, musamman majemun Chalawa da Sharaɗa da ke jeme fatu da sinadarin kuromiyam. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Chalawa su faɗa kogin Chalawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda babbar matatar ruwan shan birni take. A gefen waɗannan rafuka kuwa lambuna ne, latas da alayyafo da kabeji da karas, kore shar da rani. Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna auna ƙasa da ganyen waɗannan wurare suna samun ƙarafa masu guba, rubuce-rubucen suna nan jibge a ɗakunan karatu.

Wa ke da alhakin latas ɗin Jakara? Mai kula da abinci zai ce shi abin da aka sarrafa aka ƙunshe yake dubawa. Mai kula da muhalli zai ce aikinsa ya tsaya a bakin bututu. Ma'aikatar gona za ta ce ita taki da iri ta sani. Mai majema zai ce in ya gina matatar ruwan datti shi kaɗai, maƙwabcinsa da bai gina ba zai karya masa farashi, kuma ba ƙarya ya yi ba, matsalar dattijon man gyaɗa ce ta sake dawowa da wata riga. Wannan ita ce irin asarar da mai jawo ta ba shi ke biya ba, kuma ba ta inda kasuwa za ta gyara ta da kanta. Maganinta sananne ne: matata guda ta haɗaka a kowane rukuni, kowane kamfani ya biya gwargwadon dattin da ya zubar, a kuma ba ta wutar da ba ta yankewa. An sha yin alkawarinta, an sha kai ziyarar gani da ido. Wanda duk ya tsaya a bakin Getsi da rani hancinsa zai gaya masa inda aka kwana.

Da za a tambaye ni, ba sabuwar hukuma nake nema ba, don waɗanda muke da su sun isa har sun yi yawa. Ina so a ce hukumomin tarayya da na jiha sun zauna sun yarda ziyara ɗaya ta wadatar, sakamakon ɗaya ya gamsar da sauran, lokacin da aka tsimin kuma a kai shi Dawanau da Singa da 'Yan Lemo da 'Yan Kaba, inda haɗarin ya fi yawa. Ina so a sami ɗakin gwaji a cikin Sharaɗa wanda mai yogot za ta kai samfuri ta biya abin da ba zai karya ta ba, a ba ta amsa cikin mako, a kuma ba ta matakin rajista na masu ƙaramin ƙarfi da zai fito da ita fili. Sannan a riƙa bayyana sakamako. A 1998 hukumomin Los Angeles suka tilasta wa gidajen abinci liƙa makin tsaftarsu a ƙofa, kuma binciken Jin da Leslie na 2003 ya nuna tsafta ta ƙaru, masu maki mai kyau kuma cinikinsu ya ƙaru, ko da yake masana na jayayya a kan yawan cutar da hakan ya rage. Ban ga abin da zai hana a gwada wannan a gidajen burodi da na ruwan leda na Kano ba, a riƙa karanta sunayen waɗanda suka ci gwajin a rediyo, tun da mu mutanen rediyo ne. Mai gaskiya zai sami abin nunawa, kuma wannan kaɗai dattijon nan ya roƙa.

Na koma Sharaɗa bara ina nemansa. Ƙofar na nan, amma an mai da wurin sito, buhunan kayan waje ne jibge har rufi. Maigadi ya ce Alhaji ya daina tatsar mai tun kafin korona, yanzu yana gida ba ya fita sosai.

Daga nan na ɗauki ɗalibaina 'yan aji huɗu muka wuce lambunan Jakara, kamar yadda nake yi kowane zango. Muka tarar da wani magidanci yana ban ruwa da ɗan injinsa, bututun a tsome cikin ruwa mai launin toka. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin ruwan. Ya kashe injin, ya goge hannu a riga, ya ce ya sani sarai, don ƙafafunsa ma suna gaya masa. Ya ce ruwan rijiyar burtsatse sai da man fetur mai yawa, wannan kuwa kyauta yake zuwa, kuma ganye na son sa. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, in kun kawo mana wani ruwan, gobe ma sai mu daina." Ya tsinko latas ya cika leda biyu ya miƙo mana, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. Muka karɓa muka yi godiya. A mota ba wanda ya ce uffan har muka wuce Kwanar Jaba, sai wata daga baya ta ce, "Malam, ya za mu yi da latas ɗin?"